Ranar da Na Tuƙa Tuwo Baƙin Aurena Suna Bakin Ƙofa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a farfajiyar Gidan Suubi, gidan kwanan ɗalibai mata na jami'armu da ke gefen Kampala, an karɓe ni cikin ƙungiyar Masu Muciya. Mu huɗu aka karɓa bana. A wannan ranar dai dangin saurayina suka taso daga Masaka don ziyarar farko ta neman aurena. Suka isa gidan gwaggona a Kyengera, suka tarar ba ni, ba gwaggon.

Sunana Nanteza. Ina shekarar ƙarshe a sashen aikin jarida, inda aka koya mana mu fara faɗin abin da ya faru kafin mu shiga yadda ya faru. To, na faɗa. Masu turo mini saƙo suna tambaya ko na yi kuka, ku yi haƙuri, amsar tana gaba.

Ƙungiyar ta girme ni nesa ba kusa ba. A shekarun yaƙi, lokacin da sukari da sabulu suka ɓace a kasuwa, masu dafa abincin gidan sun watse, kowa ya nufi ƙauyensu. Aka bar 'yan mata da buhunan garin masara da manyan tukwane, babu mai tuƙawa. Wasu daga cikin ɗaliban suka farfasa tsofaffin gadajen katako, suka hura wuta, suka ciyar da gidan gaba ɗaya har zangon karatu ya ƙare. Babu wanda ya ba su ko takardar yabo. Da hankali ya kwanta, su da kansu suka yanke shawarar cewa duk shekara za su dawo su zaɓi mutum ɗaya cikin kowane ɗari, wadda ta yi wa gidan aiki ba don a gani ba. Yanzu a cikinsu akwai likitoci da alƙalai da masu sayar da tumatir, kuma idan sun taru ba a kiran kowa da muƙaminta.

Ba sa aiko da sanarwa. Za ki buɗe ƙofa ne da safe ki tarar an jingina miki muciya, doguwa, ta kusa kai miki kafaɗa. Ranar Asabar mai zuwa ki fito farfajiya ki tuƙa wa 'yan benenki tuwon masara da hannunki, ba mai taɓa miki muciya. In sun ci, kin shiga. In kin fito da ɗanyen tuwo sun ture faranti, ko kuma ba ki zo ba sam, to muciyarki ce za ta shiga murhu. Ba a sake zaɓen mutum.

Tawa ta faɗo mini a ƙafa ne ranar Litinin, ina fita da bokiti.

Kemigisha, wadda muke ɗaki ɗaya, ta leƙo daga cikin bargo. "Mene ne ya faɗi? In dai wayata ce, ki fara shirya gadonki."

Na ɗaga mata.

Ta diro daga gado ba ko takalmi, ta fita baranda tana ihu. "Ku fito, 'yan bene na uku! Ministar famfo ta samu! Mai warin bututu ta samu!"

Ministar ruwa da tsafta, shi ne muƙamina a majalisar gidan, muƙamin da ba wadda take takararsa. Kafin in hau, 'yan benen sama da kai suke hawo da ruwa. Na yi zarya ofis-ofis har masu gadi suka riƙa gaishe ni da suna. A ƙarshe ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta turo mana injiniya ya duba injin. Ya zo da takalmin roba da murmushin da ban nema ba, ya ce in riƙe masa tocila. Shi ne Edrine Lubwama. Ruwa ya hau bene, shi kuma bai daina zuwa duba injin da ba abin da ya same shi ba.

Sai da ihun Kemi ya lafa na tuna wace Asabar ce ke tafe.

A wurinmu ba uba ake fara zuwa wa ba. Gwaggo ake zuwa wa, ƙanwar uba ko yayarsa. Ita ce mai karɓar baƙi, ita ce mai kai magana gaba, ita ake zagi idan yarinya ta je gidan miji ba ta iya komai ba. Tawa, Gwaggo Nassozi, tana da shagon yadi a cikin gari, kuma tun ina sakandare take ajiye mini yadin wannan rana.

Na je na same ta ranar Laraba. Na durƙusa a kan tabarma na gaishe ta yadda ya kamata, da tambayar lafiyar kaji da ta maƙwabta. Falo cike da kaya: kan matoke, wato ayabar dafawa, guda-guda jingine da bango, ganyen ayaba da aka riga aka gasa don naɗe kaza, sababbin labule masu ruwan zuma, da gomesi ɗina, doguwar rigar bikin matanmu, a rataye, shuɗi mai duhu, kafaɗun a tsaye, ɗamarar mai ruwan azurfa.

"Tashi ki gwada," in ji ta. "Kin rame. Wake da tuwon makaranta sun tsotse ki."

"Gwaggo, akwai magana."

Na faɗa mata komai a tsare. Ta saurare ni har ƙarshe tana warware zare.

"Yanzu dai, Nanteza, in na fahimce ki, itace aka jingina miki a ƙofa."

"Karramawa ce, Gwaggo."

"Ana ba da aiki da ita?"

"A'a."

"Ana ba da miji?"

"A'a."

"To ni a ɗakin girkina akwai irinta uku. Ki zaɓi wadda ta yi miki, na karrama ki."

"Da za a ɗaga ranar zuwa Lahadi…"

Ta ajiye zaren. "Su suka sa rana, mu muka amsa. Gidan da ya amsa rana ya dawo ya ce a ɗaga, ya ce ba ya so ke nan, ko da bakinsa bai faɗa ba. Kin san wanda zai jagorance su? Baffan yaron, Ssebuliba. Tsohon hedimasta. Mutumin da ake cewa ya taɓa rufe wa limamin coci ƙofa don ya makara. Kuma duk wannan a kan me? Tuwon masara! Abincin fursuna! 'Yar gidanmu, wadda aka yaye da matoke!"

"Zan tuƙa in gama kafin su iso. Baƙin aure ai ba sa zuwa da wuri."

"Ki kwana nan ranar Juma'a. Na gama magana."

Na ce mata ba zan kwana ba, zan zo da zarar na sauke tukunya. Ta yi dariya ta ce in je in gwada rigar. Ta ɗauka irin maganar yara ce.

A cikin motar haya na rubuta wa Edrine.

"Za a iya ɗaga ranar?"

"Baffa ya riga ya kai kwat ɗinsa wanki. In ya kai kwat wanki, magana ta ƙare."

"To ni ina da tukunya."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can ya turo: "Na ga yadda kika yi a kan ruwan nan. Ki tuƙa abinki. Hanyar Masaka doguwa ce, zan ƙara mata tsawo."

Na kifa wayar a cinya, na kalli taga, na kuma lura cewa bakina ya ƙi rufuwa.

Saura matsala ɗaya, wadda ban gaya wa kowa ba sai Kemi. Ban taɓa tuƙa tuwon masara ba. A gidanmu an koya mini feraye matoke ba tare da na yanke naman ba, an koya mini naɗe shi a ganye, da matse shi, da mayar da shi wuta. Tuwo kuwa, a makaranta kawai nake ganinsa, a dafe, a faranti.

"Shekara uku kina ci, ba ki taɓa tambayar yadda ake yi ba?" in ji Kemi. "Ku 'yan Buganda masu cin matoke kun ɗauka daga sama yake faɗowa."

Ta koya mini a ƙaramar tukunya, a kan risho. Ya yi kyau. Na ce ashe ba wuya.

Asabar da hantsi farfajiya ta cika. Murhu huɗu na duwatsu, tukwane huɗu waɗanda yaro zai iya wanka a ciki. 'Yan kowane bene sun zauna a gefen tukunyarsu da faranti da cokali. Tsofaffin Masu Muciya suna kan benci a inuwar mangwaro, kowace da tata a kan cinya, wasu sun yi baƙi don tsufa. A tsakiyarsu Mama Lamunu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fasa gadajen nan, yanzu da sandar tafiya da farin gashi. Ba ta yi dogon jawabi ba.

"Mu da muka fara, ba mu iya ba," in ji ta. "Yunwa ce ta koya mana. Ku hura wuta."

Wayata tana hannun Kemi, tana karanto mini saƙonni.

"Angonki ya ce sun tsaya a Lukaya, ya saya wa kowa gasasshiyar kaza. Baffa ya ƙi sauka daga mota."

Ruwa ya fara motsi. Ganin sauran ukun ba su zuba gari ba, ni kuma ina sauri, sai na ɗaga kwano na juye nawa.

Wata daga bencin tsofaffi ta ce, "Ayya."

Ruwan bai tafasa ba. Garin ya dunƙule ya zama gudaji manya-manya, suna yawo a sama kamar ƙwai. Na danna muciya, ta ƙi juyawa. Tukunyar risho daban, wannan daban. Hayaƙi ya shiga idona. 'Yan benena, waɗanda na hawar wa ruwa, suka zuba mini ido.

"Ya ce yanzu taya ce ta yi faci," in ji Kemi a hankali. "Ya ce shi ya sace iskar da kansa. Baffa ya fito ya tsaya a kan mai facin yana kallon agogo."

A lokacin ne aka ji ƙarar babur a bakin ƙofa. Gwaggo Nassozi ce, zaune a karkace bayan ɗan acaɓa, cikin gomesi ja mai kafaɗu kamar za su tashi sama, jaka a hammata. Ta sauko, ta ratsa taron ba ta gaida kowa ba.

"Nanteza! Ajiye icen nan ki wuce mu tafi. Na bar kaji a wuta, na bar gida a hannun maƙwabciya."

"Gwaggo, in na ajiye, ƙona ta za a yi."

"A ƙona! Ni zan ba da ashana!"

Ta kamo hannuna. Sai idonta ya faɗa cikin tukunyar. Ta sake ni.

"Mene ne wannan?"

"Tuwo."

"Wa ya ce?"

Wata yarinya daga bene na biyu, irin masu bakin nan, ta ɗaga murya. "Wai ita ce za a kai gidan miji yau! Wace gwaggo ce ta koya mata girki?"

Dariya ta tashi. Na ga wuyan Gwaggo ya miƙe. Ta juya a hankali ta dubi inda muryar ta fito, ta dubi bencin tsofaffi, ta sake duban tukunyar. Ɗaruruwan mata suna kallon 'yar ɗan'uwanta tana kashe gari, kuma kowace a cikinsu ta san wa ake tambaya idan yarinya ba ta iya girki ba.

Ta miƙa wa Kemi jakarta. "Riƙe." Ta ƙara tamke ɗamara, ta kai hannu za ta karɓi muciyar.

Mama Lamunu ta buga sandarta a ƙasa. "'Yar'uwa, ba a taɓa mata."

"Baki fa?"

"Baki naki ne."

Gwaggo ta tsaya a kaina. "Ni ma rabona da wannan abin tun zamanin yaƙi, amma ba za a yi da ni ba. Ke mai jaka, zaro itace biyu, wutar ta yi yawa. Nanteza, buɗe ƙafafunki, ba hoto ake ɗauka ba. Hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Kamo gudajin ki matse shi da jikin tukunya. Matse! Kamar kina matse wanda ya ce ba ki da gwaggo!"

Na matse. Ya fashe.

"Wani! Daga ƙasa ki ɗebo, ki kifar. Da ƙugu ake tuƙi, ba da wuyan hannu ba. Kawo ruwan zafi, yayyafa kaɗan. Kaɗan na ce, 'yar nan, ba wanka za ki yi masa ba!"

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe. Na san 'yan benena sun fara buga cokali a faranti daidai da kowace juyawa. Na san Gwaggo, wadda ta kira shi abincin fursuna, ta cire takalminta mai tsini ta tsaya a ƙasa, gumi ya jiƙa mata kafaɗun riga, tana yi wa wata tsohuwar alƙali bayanin cewa yarinyar tana da hannu, sauri ne kawai ya yi mata yawa, irin na ubanta.

Tukunyata ce ta ƙarshe da aka sauke. Mama Lamunu ta taso da sandarta, ta sa gefen faranti ta yanka tuwon har ƙasa, ta duba cikinsa. Ta gutsura ta tauna. Ta daɗe tana taunawa.

"Na ci wanda ya fi shi," in ji ta. "Namu na farko bai kai shi ba. Ku kawo faranti."

Suka ci. Babu wadda ta ture. Yarinyar nan ta bene na biyu ma ta tsallako da farantinta, Gwaggo ta ce a zuba mata ƙanzo.

Mama Lamunu ta sa wuƙa ta yi tsaga ɗaya a jikin muciyata, alamar shekara, ta ɗora mini ita a tafin hannu biyu. "Daga yau, duk 'yar gidan nan da ta buga miki ƙofa, a ko'ina kike, ki buɗe." Shi ke nan rantsuwar. Tsofaffin suka tashi suna buga gindin muciyoyinsu a ƙasa, sai ga guɗa ta tashi daga bayana, mai tsawo, irin ta biki. Ba sai na waiwaya ba. Na san muryar Gwaggo.

Ga amsar masu tambaya: eh, na yi kuka. Amma akwai hayaƙi, don haka ba za a iya tabbatarwa ba.

Kemi ta taɓa ni. "Sun iso Kyengera. Ya ce dabararsa ta ƙare."

Babur biyu muka hau. Gwaggo a gaba, takalmi a hannu, ni a baya da muciya a tsaye kamar mashi. Cunkoson hanyar Masaka ya riƙe mu yadda ya saba. Muka shiga ta ƙofar baya. Na watsa ruwa, aka naɗa ni cikin gomesi, aka tamke ɗamara, Gwaggo ta shafa mini mai a tafin hannu.

Na fito na durƙusa a bakin falo. Edrine yana zaune cikin farar doguwar riga da baƙin kwat, da baƙin man taya a gefen hannun rigar. Yayarsa tana gefe, da abokansa biyu. Maƙwabciya ta riga ta ba su ruwa da 'ya'yan kofi na tarba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ido a ƙasa. Da na zo kansa ya amsa kamar bai taɓa ganina ba, yadda al'ada ta ce, sannan ya yi ƙasa da murya.

"An ci?"

"An ci."

Ya gyara zama, ya dubi silin yana murmushi.

Aka kwance ganye, ƙamshin kaza ya cika gida. Yayarsa ta yaba matoke, ta yaba labule. Gwaggo ta ba da haƙuri sau ɗaya, a taƙaice, sannan ta shiga ba su labarin tukunya, kuma a bakinta gudajin sun ninka, mata sun kai dubu. Aka yi dariya. Aka tashi lafiya.

Kujera ɗaya ce ba kowa a kanta, babbar da aka sa a tsakiya. Baffa Ssebuliba ya iso ƙofar gidan a kan lokaci duk da kaza da faci. Ya tambayi matar gidan, aka ce ta fita. Ya tambayi yarinyar, aka ce tana makaranta tana tuƙa tuwo. Maƙwabciya ta ce ya tsaya a tsaye ya sa an maimaita masa, ya tambayi dalili, Edrine ya yi masa bayani. Bai shiga ba. Ya koma mota ya ce direba ya mayar da shi Masaka. Shi kaɗai ne yake da bakin sa ranar babban taro, inda za a gabatar da ango ga mahaifina. In bai buɗe baki ba, ziyarar nan cin kaza ce kawai.

Gwaggo ta ajiye kasonsa a naɗe cikin ganye har washegari, sannan ta ba yaran maƙwabta. Muciyar kuwa ta hana ni komawa da ita makaranta a ranar. Ta jingina ta a falo kusa da hoton kakana, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa tsagar.

Jiya da rana, ina cikin aji, saƙon Edrine ya shigo.

"Baffa ya yi magana."

"Me ya ce?"

"Ya ce ki zo Masaka ranar Lahadi. Ke da Gwaggo."

"Ya sa rana?"

"Bai sa ba. Ya ce ki taho da muciyar."

"Don me?"

"Na tambaya. Ya ce ba da ni yake magana ba. Amma Nanteza, da safen nan ya aika an sayo buhun garin masara, ya kuma sa an tara itace a tsakar gida."

Na tambaye shi ko itacen na girki ne ko na ƙona muciya. Ya ce bai ga an fito da tukunya ba tukuna.